Fim ɗin da Baffa ya kawo: wa zai kalla, wa zai jira?

Assalamu alaikum Adda. Ni matar aure ce a Garwa, 'ya'yana uku: Sadiƙu mai shekara 11, Ummi mai 7, sai auta Haidar mai 4. Ƙanin maigidana, Baffan yaran, yana karatu a jami'ar Ngaundare, ya dawo hutu da wani fim na Turawa mai kashi-kashi a memori, irin na matsafa da dodanni da dabbobi masu magana. Tun kafin jarrabawa ya yi wa Sadiƙu alkawarin in ya ci CEP, jarrabawar gama firamare, za su kalla tare, kuma Allah ya ba shi sa'a ya ci. To talabijin ɗinmu ɗaya ne a falo, ƙannen kuma sun ji labari, sun tasa ni gaba sai an sa da su. Damuwata Ummi ce. Bara ta leƙa wani fim ɗin Indiya na fassara a gidan maƙwabta, inda mace take rikiɗa ta koma maciji. Kusan wata guda muka yi ba ta zuwa banɗaki da dare sai da rakiya, har fitsarin kwance ya dawo mata. Babansu ya ce wannan ai na yara ne, in ana ɓoye wa yaro komai matsoraci zai tashi. Hajiya surukata, da muke gida ɗaya, ta ce kada a shigo mata da hotunan aljanu kwata-kwata. Na rasa bayan wa zan bi. In bar su su kalla ko in hana?

Maman Sadiƙu, Garwa

Wa alaikumus salam ƙanwata. A gaishe min da Sadiƙu, Allah ya sa wa wannan takarda albarka, ya nuna mana ta gaba.

Tambayarki ɗaya ce amma amsarta uku, don yaran naki ba a mataki ɗaya suke ba. Sadiƙu ya kalli abinsa, alkawari kaya ne, kuma ya yi abin da aka ce ya yi. Haidar ba ya ciki, ko da zai yi birgima a ƙasa. Ummi ce abin dubawa, kuma ba daga nan za a yanke hukuncinta ba. Daga wasiƙarki na fahimci ba ki ga fim ɗin ba, babansu ma da alama bai gani ba, balle Hajiya. Ke nan mutum uku kuna ja-in-ja a kan abin da Baffa kaɗai ya san cikinsa.

Ki fara da tambayar Baffa wace alamar shekaru aka sa wa fim ɗin. In kuna kama tashoshin Faransa ta Canal+, kin saba ganin ɗan da'irar nan a ƙasan allo ta hannun dama, ɗauke da -10 ko -12 ko -16. Tun 2002 ake sa ta a tashoshinsu, ma'anarta ba a so yaron da bai kai waɗannan shekaru ba ya kalla. Amurkawa kuma haruffa suke sawa: G na kowa da kowa, PG iyaye su duba tukuna, PG-13 a yi hattara da wanda bai kai 13 ba. Fim ɗin da aka turo a memori yawanci ba ya zuwa da wannan alama, mai turi a kasuwa ba ruwansa, shi dai ya cika maka kati ka miƙa masa kuɗinsa. Amma Baffa ɗan jami'a ne, minti ɗaya ya ishe shi ya dubo a waya. In ya ce -12 ko PG-13, magana ta ƙare, Ummi ta bi sahun Haidar, shi kansa Sadiƙu sai da babba a gefensa.

In kuwa ya ce PG ne, ko na kowa da kowa ne, kada ki saki jiki. Ita kanta PG-13 a 1984 aka ƙirƙiro ta, bayan iyaye a Amurka sun kwashi ƙananan yara zuwa silima sun dogara da alamar PG, sai ga shi a ɗaya daga finafinan shekarar ana ciro zuciyar mutum daga ƙirjinsa yana raye. Surutu ya yi yawa, shi ne aka ƙara mataki a tsakani. Masu sa alamar nan suna auna yaro ne a jimlace. Ba su san Ummi ba, ba su san labarin matar maciji ba, ba su kuma san banɗakinku yana can ƙarshen tsakar gida ba. Sannan tunda kin ce mai kashi-kashi ne, ki sani irin waɗannan finafinai girma suke yi tare da 'yan wasansu. Na Harry Potter, wanda aka yi kashi takwas daga 2001 zuwa 2011, ukun farko PG aka ba su a Amurka, na huɗu da ya fito a 2005 ya koma PG-13, don labarin ya ƙara duhu. Amincewa da kashi na ɗaya ba amincewa da sauran ba ce.

Na san abin da Baffa zai ce miki: ai dodon na kirki ne, shi ne ma yake taimakon yaron, kuma ƙarshen fim ɗin daɗi ne. Gaskiya zai faɗa, sai dai gaskiyar manya ce. Akwai wata farfesa a jami'ar Wisconsin ta Amurka, Joanne Cantor, da ta shafe shekaru tun wajen 1980 tana nazarin abin da ke firgita yara a allo. Abin da ta yi ta samu shi ne, yaron da bai kai shekara bakwai ko takwas ba, kama yake kallo, ba hali ba. In abu ya yi muni a ido, haƙora zaƙo-zaƙo, ido jajur, fata a kwailaye, to abin tsoro ne ko da waliyyi ne a cikin labarin. Mugu kuma in yana da kyakkyawar fuska sai ya wuce ta gabansa bai ko lura ba. Abin da ya fi komai rikita su kuwa shi ne rikiɗa, mutum ya koma wani abu. Ita da wani abokin aikinta sun gwada yara da wani shiri da mutumin kirki yake kumbura ya koma ƙaton dodo kore in an ɓata masa rai, don ya ceci waɗanda ake zalunta. 'Yan shekara 9 zuwa 11 hankalinsu kwanciya yake yi da zarar ya rikiɗa, sun san ceto ya zo. 'Yan shekara 3 zuwa 5 kuwa a nan ne tsoronsu yake kai maƙura, don a wurinsu mutumin kirkin ya tafi, wani mugun abu ya zo.

Kin ga abin da ya sami Ummi bara ke nan, tana da shekara shida. Ba wai yarinyar ta fi sa'o'inta tsoro ba ne, abin da ta gani ne ya faɗa daidai inda 'yan shekarunta ba su da garkuwa. Mace kamar ke, kamar maƙwabciyarku, tana magana tana dariya, sai wuya ya miƙe, harshe ya rabu biyu. Yarinyar da ta ga haka, wace fuska za ta ƙara yarda da ita a cikin duhu? Fim ɗin matsafa kuwa da rikiɗa yake cin abinci: mutum ya koma kare, tsohuwa ta koma budurwa, icce ya buɗe baki. Wannan ne dalilin da ya sa na cire Haidar ba tare da na jira komai ba. Ƙari a kan haka, irin finafinan nan sukan haura awa biyu, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya a shawarar da ta fitar a 2019 ta ce ɗan shekara 2 zuwa 4 kada zamansa gaban allo ya wuce awa ɗaya a yini.

Daga wajen shekara takwas tsoro yakan sauya sheƙa. Dodo yana rage ƙarfi, abin da zai iya faruwa da gaske yana ƙara nauyi: a sace yaro, gida ya kama wuta, uwa ta mutu. Masu rubuta finafinan yara kuma suna son maraya, da wuya ki ga jarumin da iyayensa biyu suke raye har ƙarshe. Yaranmu na Arewacin Kamaru ba baƙin irin wannan zance ba ne. Suna wasa a gefe ne, amma kunnensu na wurin manya lokacin da ake hirar masu garkuwa da mutane a yankin Mayo-Rey, ko abin da 'yan'uwa suka gani a can Arewa Mai Nisa. Saboda haka shi ma Sadiƙu kada ki ɗauka ya wuce wurin. Zai yi dariyar dodo, amma inda mutane masu rufe fuska suka shigo gida da dare suka ɗauke yaro, ki dubi fuskarsa. Ba zai faɗa miki ba, namiji ne mai takardar CEP, sai dai ki ga ya fara tambayar ko an kulle ƙofar zaure. Ummi mai shekara bakwai tana kan iyaka, tsoron ƙanana bai gama sakinta ba, na manya ya fara leƙo ta.

To sai ki kalla da kanki, gani ya kori ji. Ba sai kin zauna awa biyu da rabi ba in aiki ya yi miki yawa. Ranar da yara suka tafi Islamiyya, ki kira Baffa ki ce ya kai ki wurare uku ko huɗu da suka fi muni. Ya san su sarai, su ne ma wuraren da ya fi so. Ki kalla da sauti kamar yadda yara za su ji, don rabin tsoron fim a kunne yake: kiɗan nan da ke tafiya a hankali kamar ana sanɗa, shiru na ɗan lokaci, sai ƙara ta fashe. Ki lura da fuskokin da aka cika allo da su, da inda wani ya rikiɗa, da inda aka raba yaro da uwarsa ko aka kashe dabbar da yaro ya shaƙu da ita. Na ƙarshen nan manya suna raina shi, amma yarinya takan fi kukan doki ko kare a kan sarkin da aka sare wa kai. Ki riƙe biro ki rubuta mintin da kowanne ya zo. In wuraren biyu ne ko uku, gajeru, sauran fim ɗin kuma wasa da dariya ne da rana tsaka, ana iya tsallake su Ummi ta kalli saura. In kuwa fim ɗin gaba ɗaya duhu ne da daji da raɗe-raɗe, mugun yana biye da yaran tun daga farko har ƙarshe, babu abin tsallakewa, sai ta jira. Kuma in ke da kanki kika ji tsigar jikinki ta tashi, ba kya buƙatar shawarar kowa.

Maganar babansu ba a yar da ita ba. Mu ma da Dodo aka raine mu. Wace tatsuniya ce ba ta da Dodo ko Kura, ko kishiyar uwa da ta tura marainiya rafi da dare? Yaro yana son ɗan tsoro, shi ya sa yake cewa a ƙara masa wata bayan ya gama maƙalewa. Amma mai tatsuniya tana kallon fuskar yaro tana magana. In ta ga ido ya raina fata sai ta rage murya, ta jefo Gizo da ƙaryarsa a yi dariya, ko ta gaggauta ta kai ƙurunƙus. Yaro yana jingine da cinyarta, kuma shi yake zana Dodon a ransa daidai girman da zai iya ɗauka. Allo ba ya ganin fuskar kowa. Gwanaye ne suka zauna watanni suna zana abin don ya razana ƙato mai gemu, sai ga shi a gaban 'yar shekara bakwai, kuma hoton da ya shiga ido ba a cewa ya fita. Yaron da ake so ya iya cin yaji, a bakin miya ake ɗanɗana masa, ba a ɗura masa cokalin barkono a ce ya yi jarumta. Farfesar nan da wata abokiyar aikinta sun tambayi ɗaliban jami'a a wani nazari da suka fitar a 1999. Kusan 90 cikin 100 sun ce akwai fim ko shirin da ya taɓa firgita su suna yara ko suna tasowa, kuma kusan ɗaya cikin huɗu na waɗannan sun ce har lokacin abin bai gama sakinsu ba. Manya ke nan, masu shirin karɓar digiri.

In za ki yi masa maganar, kada ki yi a gaban Baffa, kada kuma ta zama ke kin fi shi sanin tarbiyya. Ki bari ya ci ya sha, ki tuna masa watan nan na bara, wa ya riƙa tashi rakiya da tocila, wa ya riƙa shanya katifa kullum safiya. Iyaye maza da yawa ba taurin zuciya ne da su ba, barcinsu ne mai nauyi, abin da ya faru ƙarfe biyun dare labari suke ji da safe. Ki ce masa ba hana ta za a yi har abada ba, 'yan shekaru ne kawai, fim kuma ba ya ruɓewa.

Hajiya kuma tana da hujjar da ta fi wadda ta faɗa. Bature in ɗansa ya tsorata sai ya ce masa ƙarya ce, babu aljani, babu maye. Ke ba za ki faɗi haka ba, don Ummi tana zuwa Islamiyya, ta san akwai sura guda mai sunan aljanu a cikin Alƙur'ani. Ta ji ana cewa kada a zuba ruwan zafi a ƙasa ba bisimilla, ta ji an kira yara su shigo gida da magariba, wataƙila ma ta taɓa ganin ana yi wa wata ruƙiyya a unguwa. Fim ɗin da yake wasa ne zalla a wurin ɗan Faransa, a wurin 'yarki yana taɓa abin da manyan gidansu suka tabbatar mata akwai shi. In kika ce mata babu, ta san ba gaskiya kika faɗa ba, gobe kuma ba za ta kawo miki tsoronta ba. Abin da za ki ce mata, wanda kuma gaskiya ne, shi ne: wannan da kika gani ba aljani ba ne, mutum ne aka shafa wa fenti aka sa masa haƙoran roba, saura kuma zanen kwamfuta ne, an biya shi kuɗi, ya wanke fuskarsa ya koma gida wurin 'ya'yansa. Baffa zai iya nemo hoton ɗan wasan a waya yana zaune ana yi masa kwalliyar, ko yana murmushi da kayan gida. Wannan yakan yi wa 'yar shekara bakwai aiki fiye da rantsuwa goma. Ga Haidar kuwa ko wannan ba ya ci. An gwada, an ga tuna wa yaro cewa abin ba gaske ba ne yana rage tsoron 'yan shekara tara zuwa sama, amma bai yi wa 'yan ƙasa da shida komai ba. Su cinya suke so, da zanen rufa, da fitila a kunne.

Batun ko ya dace a nuna wa yaro tsafi a matsayin abin burgewa, wannan ku tambayi malamin da kuka yarda da shi, kuma ko me ya ce, Sadiƙu ya kai a zauna da shi a bambance masa labarin ƙirƙira da sihirin da addini ya hana. Amma tunda gida ɗaya kuke da Hajiya kuma ta furta ba ta so, ni ban ga dalilin kafa mata fim ɗin a tsakiyar falo ba. Babansu ya je ya same ta, ɗanta ne, ya fi ki sanin ta inda ake shigarta, ya ce alkawari aka yi wa yaro, za su kalla a kwamfutar Baffa ko wayarsa a ɗakinsa na zaure. Da wannan an fita haƙƙin Hajiya, matsalar talabijin ɗaya ma ta warware.

Kada ki ce wa Ummi an hana ta don tana da tsoro. In kika faɗa sau ɗaya, Sadiƙu zai maimaita mata sau ɗari, sunan kuma ya bi ta. Baffa ya riga ya ba ki mafita da bakinsa: fim ɗin na wanda ya ci CEP ne. Ita ma in ta kai CM2, ajin ƙarshe na firamare, ta ci, nata yana jiranta. Doka ce da yaro yake ganewa, babu wulaƙanci a ciki. Sai a yi wa ƙananan nasu shagalin a daidai lokacin, ko katun ɗin da suka saba da gyaɗa soyayya a faranti, ko ki roƙi Hajiya ta yi musu tatsuniya. Tsofaffi da yawa suna jira ne a tambaye su.

In kuwa kin duba kin ga Ummi za ta iya, to da rana, da hantsi ko bayan azahar, ba bayan isha'i ba. Babban hutu a damina yake faɗowa, kin san yadda daren Garwa yake a watan Yuli da Agusta: hadari ya haɗo, iska ta buga ƙyauren taga, wuta ta ɗauke ana tsakiyar kallo, yarinya ta tsinci kanta a cikin duhu da fuskar ƙarshe da ta gani. A buɗe labule, a rage sauti, rimot yana hannunki ba hannun Baffa ba. Ki riƙa gaya mata abin da ke tafe: yanzu wani mummuna zai fito, amma ba zai kama yarinyar ba. Manya suna jin haushin a ba su labarin gaba, yara kuwa sauƙi suke samu. Ke kuma ita za ki kalla, ba allo ba. In ta daina cin gyaɗarta, ta sa yatsa a baki, ta matso ta riƙe gefen zaninki, ko ta fara jero tambaya, zai mutu ne, ina mamansa, to ki tsayar ki ce a sha ruwa. In kika tambaye ta ko tana jin tsoro a'a za ta ce, don kada a kore ta. Gara ki ce ke kin gaji, ta zo ta taya ki wani abu a kicin.

Ki ja kunnen Sadiƙu da Baffa tun kafin a kunna, ko ta kalla ko ba ta kalla ba. Sau da yawa ba fim ɗin ne yake hana ƙanana barci ba, yayan ne da ya gama kallo ya lulluɓa da zanen gado ya laɓe bayan ƙofa, ko ya riƙa kwaikwayon muryar mugun in an kashe fitila. Baffa ma, in irin samarin nan ne masu tsokana, zai iya biye masa. Ki tuna musu hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito, cewa bai halatta Musulmi ya tsorata Musulmi ba, kuma a kan wasa aka faɗe shi, sahabbai ne suka tsokani wani daga cikinsu yana barci ya farka a firgice. Mu iyaye ma muna da namu laifin a nan. Wanda yake cewa yi shiru ko in kira Dodo kullum dare, bai kamata ya yi mamaki ba in yaro ya ga Dodon a allo ya gaskata.

In duk da haka tsoro ya shiga, ba a dukan yaro a kan fitsarin kwance, ba a kuma yi masa waƙar tsiya a gaban 'yan'uwa. A sa mata fo a ɗaki, a ba ta 'yar tocila tata ta kanta a ƙarƙashin filo, a rage shan ruwa dab da kwanciya. Ki zauna a bakin shimfiɗarta ku karanta Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi a tafin hannu ku shafe jiki sau uku, kamar yadda Nana A'isha ta ce Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake yi kowane dare, ku ƙara da Ayatul Kursiyyu. Ki bari ita ta karanta da bakinta, kada kullum ke ce mai tofawa, don yarinyar da ta san tana da abin yi da kanta in ta farka ta fi saurin komawa barci. Da safe ki bar ta ta ba ki labarin mafarkin har ƙarshe, ko ta zana abin a takarda ta ƙara masa ɗankwali da takalmi ɗan kwas-kwas.

Ki kuma bambance abu biyu. Mugun mafarki yakan zo can wajen asuba, yaro ya farka sarai, ya gane ki, ya faɗi abin da ya gani. Akwai kuma firgitar da ke zuwa a farkon dare, awa ɗaya zuwa uku bayan kwanciya: yaro ya tashi zaune yana ihu, ido buɗe, gumi na zuba, amma bai san kina wurin ba, da safe kuma bai tuna komai ba. Wannan ta fi yawa a 'yan shekarun Haidar da Ummi, gajiya da ƙarancin barci suna tayar da ita, kuma yawanci da kanta take wucewa. Ba a girgiza yaro a tashe shi, a tsare shi dai kada ya faɗo ko ya buge. Amma ki taɓa goshinsa. Damina ce, lokacin zazzaɓin cizon sauro. Yaron da ke sambatu da dare jikinsa da zafi, ko yana amai, ko ya sanƙare yana fizge-fizge, ba fim ba ne kuma ba a jira gari ya waye, asibiti za a nufa a daren. Haka nan in tsoron ya haura wata guda, yarinya ta daina wasa ko ta ƙi zuwa makaranta, a kai ta wurin likitan yara.

In hutu ya ƙare Baffa zai koma Ngaundare, ki tabbata ya tafi da memorinsa ko ya bar shi a hannunki, ba a jikin talabijin ba. Sadiƙu ya iya kunnawa, ke kuma wata rana za ki tafi kasuwa ko gidan suna ki bar su su uku a gida.

Adda